Gwiwar da Ta Warke a Jikin Bango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ga kaina a jikin bango ba, tsayina ya fi na ƙofa.

Wata 'yar ƙarya ce ta ja mini. Surukata, Mma Hajiya, ta aiko in je unguwar Gumani, nan cikin Tamale, tuƙin tuwon suna, ni kuwa ƙyuya ta kama ni, na ce gwiwata ta kumbura, ko tsakar gida ba na iya takawa (Allah Ya yafe mini, gwiwar nan lafiyarta ƙalau). Baiwar Allah har man zafi ta aiko mini.

Ranar sunan da hantsi na leƙa titi na sayi albasa, sai ga jama'a maza da mata cikin fararen kaya, suna tafiya a hankali, ba mai cewa uffan. Na ce da wata, "'Yar'uwa, wa ya rasu?" Ta sunkuyar da kai. Wayyo, baƙin ciki ya hana ta magana! Ban ga makara ba, na ce to gidan gaisuwa za su, na bi su. Tun daga unguwarmu Moshi Zongo har Nyanshegu ina hawaye, ina yi wa mamacin da ban sani ba addu'a. Suka tsaya cik a mararraba, na tsaya. Suka juya, na juya. Ƙarshe suka watse suna shan ruwan leda, na dawo gida ina mamakin ta'aziyyar zamani.

Bayan wata biyu Rahinatu, ƙanwar maigidana da ta karanta fasahar zane a Kumasi, ta gayyaci dangi kallon aikinta. Bidiyo ne aka haska a bango, na yadda mutane ke tafiya tare a titunan Tamale, an ɗauko daga saman bene. Ga fararen kaya nan. Ga kuma wata mata cikin jan mayafi, riƙe da ledar albasa, tana kuka tana zabga sauri har tana wuce na gaba.

Innalillahi! Ni ce.

"Anti, kin fi duk waɗanda na ɗauko haya!" in ji Rahinatu. "Su ai ni na hana su magana, ke kuwa kukanki na gaske ne."

Mma Hajiya ta gyara tabarau. "Rahina, ba wannan aikin ne ya hana ki zuwa suna ba?"

"Shi ne, Mma."

Bidiyon ya ƙare, ya sake farawa (ashe haka yake yi har a tashi). Sau uku ina wucewa a jikin bangon a gaban Mma Hajiya. Sannan ta dafa ni a hankali.

"'Yata, ashe man nan yana aiki haka? Ki dawo mini da sauran, tawa gwiwar da gaske take ciwo."

Tun ranar, in an kira ni tuƙin tuwo, da muciyata nake zuwa tun asuba. Kuma ba na yi wa kowa kuka sai an faɗa mini sunan mamacin.