Yadda Na Juye Faya-fayan Kawu Modu

Shekarar da na sayo rikoda a Kasuwar Litinin, na je unguwar Shehuri na shaida wa Kawu Modu cewa zamanin garmaho ya wuce.

Na ce, "Kawu, kawo faya-fayanka in juye maka a kaset. Ba karcewa, ba fashewa."

Na kulle ɗaki, na ajiye rikodar a bakin garmaho, na wuni ina aiki. Da na gama ko saurara ban yi ba, don gwani ba ya duba aikinsa. Na ce masa faya-fayan sun zama tarkace, ya ba jikokinsa suka yi ta gara su har suka farfashe.

Ranar Juma'a ya tara abokansa, na kunna. Algaita ta taso can nesa, sai wata murya kamar ta bunsuru ta danne ta. Tawa ce. Ashe rikodar na ɗaukar duk motsin ɗakin, ni kuwa kowace waƙa sai na bi ta.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Duka goman haka suke?"

Haka suke.

Har yau in ana shirin biki, sai ya ce kada a ɗauko mawaƙi, akwai na gida.