Ranar da Na Gyara Abin da Bai Lalace Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Lawal ya kai ni neman aiki wurin Alhaji Bala, wani dillalin hatsi a Funtuwa, ba. Ban daɗe da kammala digirina na kwamfuta ba, kuma Kawu ya riga ya shaida masa cewa tun ina firamare ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Gwajin da aka ba ni ba mai wuya ba ne: in tsara shafin da zai nuna manoman da masararsu ta bushe, wato wadda danshinta yake ƙasa da ƙa'ida. Tarkon guda ɗaya ne. A fayil ɗin da ke tsara shafin, alamar "<", wato ta "ƙasa da" a lissafi, ce take buɗe kowane umarni; saboda haka idan "ƙasa da" ake nufi a cikin tambaya, wajibi ne a sakaya ta, a rubuta "<". Na sakaya, na gwada, ya yi aiki. Har tsohon kwafin na goge (wai don kada in rikita su).

Muna zaune a shago, Alhaji yana waya da wani mutumin garin Ƙarfi, sai zuciyata ta ce, idan ka tsallake guda fa? Nan take na umarci kwamfutar ta sakaya alamar duk inda take, na adana, na rufe. Ban tuna cewa har masu buɗe umarnin za ta sakaya ba.

"To, Malam Injiniya, bismilla," in ji Alhaji.

Sai da na miƙe na yi jawabi a kan illar sakaci, sannan na danna. Maimakon sunayen manoma, jan rubutu na kuskure ya fito, layi ɗaya tal.

Alhaji ya gyara gilashinsa. "Ina masarar?"

"Ranka ya daɗe, tana ciki."

"Ko ƙwari sun riga mu?"

Kawu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kai, da safe na gani da idona. Me ka taɓa?"

"Gyara na yi, Kawu."

"Da ma ya lalace ne?"

"A'a."

Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, ya ce, "Lawal, yaron nan yana da ƙoƙari. Ya je ya huta, ya dawo bayan kaka."

Aikin dai wani ya samu. Har yanzu ina duba aikina sau da yawa, wannan ba ya barina. Sai dai idan abu ya riga ya yi, da ido nake dubawa, hannuwana biyu suna cikin aljihu.