Ranar da Na Fasa Ɗakin Zanzaro a Aji

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Laraba a Wara, lokacin ina gwajin aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke kusa da bakin ruwa. Ranar ce malaminmu na kwaleji, Malam Ɗanjuma, zai zo ya zauna a bayan aji ya ba ni maki. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Darasin a kan zuma da danginta ne. Na haddace littafi tsaf: zuma tana zama da jama'a a ƙarƙashin sarauniya guda, rina tana tauna itace ta yi saƙarta, shi kuwa zanzaro shi kaɗai yake rayuwa, ya ɗebo laka ya gina ɗakinsa. A nan na rufe littafin (da na juya shafi ɗaya tak, da ba ku ji wannan labari ba).

An sha gaya mana kada mu shiga aji hannu biyu, ba abin nuna wa yara. Don haka ranar Lahadi, da na je gida Yelwa, na sa wuƙa na ɓamɓaro wani ɗakin zanzaro daga bayan ƙofar Inna, na naɗe shi a hankici.

“Mi za ki yi da shi?” in ji Inna. “Kin dai san abin da ke ciki?”

Na ce, “Inna, kimiyya fa nake karantawa.”

Ta ci gaba da gyaran kifinta.

Minti goma sha biyar na farko sun tafi lafiya lau. Na zana zuma a allo, na yi bayanin yadda take kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan har amfanin gona ya yi 'ya'ya. Na saci kallon Malam Ɗanjuma, na ga yana gyaɗa kai. Kaina ya fara girma. Na kwance hankici, na ɗaga ɗakin zanzaro sama, na tambayi aji abin da ke ciki.

Wata ɗaliba mai suna Hajara, 'yar masunta, ta ɗaga hannu. “Malama, tsutsotsi ne. Shi yake kamo su ya rufe.”

Na yi murmushin masu ilimi. “Hajara, wannan camfi ne na tsofaffi. Ƙwai ne kawai a ciki. Bari ku gani da idonku.”

Na ɗora shi a kan tebur, na buga masa rula.

To, akwai abin da ban gaya muku ba. Ni ba na tsoron maciji sosai, kuma na sha shiga kwalekwale ana iska, amma tsutsa ko a cikin mangwaro na gan ta, na bar cin mangwaro ke nan sai wata shekara. Lakar tana fashewa, korayen tsutsotsi suka zubo, biyu suka faɗo a kan hijabina. Ɗaya ma tana motsi.

Ban san lokacin da na kira sunan Inna da ƙarfi ba. Ban kuma san yadda na tsallake layi uku ba. Na dai tsinci kaina a tsaye a kan benci, a bayan Malam Ɗanjuma, ina karkaɗe hijabi, takalmina ɗaya yana can gaban allo. Yara suka yi ta dariya har 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo ta taga.

Malam Ɗanjuma bai yi dariya ba (ko da yake na ga kafaɗarsa tana rawa). Ya tashi ya je tebur, ya kira yara suka kewaye shi. Da bakin biro ya nuna musu wani ɗan farin abu a cikin lakar, ya ce wannan ne ɗan zanzaron. Uwar tana harbin tsutsa ta sandare amma ba ta mutu ba, don abincin ɗanta kada ya ruɓe kafin ya girma.

Hajara ta ce, “Kamar yadda muke banda kifi ke nan.”

Ya ce ta yi kusa. Sannan ya juyo wajena. “Malama, sauko ki ƙarasa darasinki. Saura minti ashirin.”

Na sauko. Na ɗauki takalmina. Na ce wa Hajara a gaban kowa ita ce da gaskiya, ni ce ban karanta ba. Na ƙarasa darasin daga bakin ƙofa.

Bayan an tashi, Malam ya ce ba zai rubuta maki ba ranar, zai dawo bayan mako biyu, domin malamin da ya iya ba ɗalibinsa haƙuri bai kamata a kore shi ba. Ya dawo, na kuma ci.

Yanzu shekarata shida ina koyarwa, kuma darasin zanzaro ne yara suka fi so. Abin da na koya shi ne, kafin in ce wa yaro “camfi ne”, sai na tambaye shi inda ya gani. Ɗakin zanzaro kuwa ina kawo shi aji har yau, amma ɗalibai ne suke fasawa, ni ina kula da su daga wajen taga.