Sarkin Ƙanƙara a Dubai

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar Injiniya Tukur ya sha labarin ƙanƙarar Rasha har ya ƙoshi. Can ya yi karatu yana saurayi, kuma ba za a ci haƙƙinsa ba, ya taɓa ɗaura dogayen katakon nan biyu a ƙafa ya yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sai dai tudun da ya gangaro a lokacin bai fi jujin bayan layinsu tsawo ba. A bakin Injiniya kuwa tudun nan kullum girma yake, kafin furfura ta gama cin gemunsa ya zama dutsen da jirgin sama ke kauce wa. Har suna ya samu, Sarkin Ƙanƙara, kuma yana ji da sunan nan fiye da takardar digirinsa. To wa zai ƙaryata shi? A Kano ai ƙanƙara sai a cikin zoɓo.

Ana nan sai tafiya ta haɗa shi da abokai zuwa Dubai, su sarin kaya, shi duba wasu injina. Da ƙarshen mako ya zo, Alhaji Kyari, Babarbare, abokin wasansa shi Bafulatani, wanda ba ya raga masa ko da wasa, ya ce a fita shan iska. Bai faɗi inda za su ba, sai ganin kansu suka yi a wani katafaren kanti da aka gina tudun ƙanƙara a cikinsa, inji na feso ta, mutane na ta gangarowa.

"Ranka ya daɗe Sarki, ga fadarka," in ji Kyari, yana zaro waya. "'Yan majalisa duk sun hallara. Kai tsaye zan nuna musu."

Injiniya ya ɗaga kai ya dubi tudun. Ya tuna gwiwar da ko daga sujada sai ya dafa ƙasa take ɗaga shi. Ya dubi tumbinsa, wanda bai je Rasha da shi ba. Amma in ya noƙe yau, sunan da ya yi shekara da shekaru yana kiwo ya mutu ke nan, kuma a hannun Babarbare.

"Ai ƙafa ba ta mantuwa," ya ce. Da ma'aikacin wurin ya nuna masa ɗan tudun masu koyo, sai ya yi masa kallon wanda ya zage shi, ya nufi can ƙololuwa.

Da farko abin ya zo masa kamar jiya. Iska ta bugi fuskarsa, ya ji shi ɗan ashirin, daɗi ya kama shi har ya ɗaga sandar dogarawa da aka ba shi yana gaida waya. Daga nan ne ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta ce ita Kano za ta koma. Sanda ta yi nata wuri. Sauran tafiyar da baya ya ƙarasa ta, yana salati da ƙarfi, bai tsaya ba sai da shingen ƙasa ya tare shi daidai inda Kyari yake tsaye.

"Kai bawana, kashe wayar nan!"

"Haba Fulani, jama'arka na yi maka sannu, ka ce a kashe?"

Injiniya ya ga ba mafita. Ya tofar da ƙanƙarar da ta cika masa baki, ya gyara murya daga kwancen, ya dubi waya.

"Jama'a, kada abin nan ya ruɗe ku. Wannan ba ƙanƙara ba ce, jabu ce, ta inji. Ni da ta Allah na saba."

Kyari ya gyaɗa kai cike da tausayi.

"To ka gode wa Allah da nan muka kawo ka. Ta ɗan Adam ta yi maka haka, ina ga ta Allah?"