Rasuwar Zaren da Ya Ɗanɗani Ruwan Naraguta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da na kasa faɗa da baki, ni Amatullahi Lukuman, ɗalibar kimiyyar sinadarai, nake sanar da rasuwar zarena na gilashi mai gwada ruwa. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza a Naraguta, wanda na lura ko kwaɗo ba ya kuka a cikinsa. Watansa goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin siriri ne kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa. Sau talatin da biyu ina dama ruwan gilashi mai kaurin koko kafin na samu wanda ya rufe bakinsa ya bushe bai tsage ba. Wannan rufi ja ne, yana duhu idan ya taɓa gubar dalma a ruwa, sai akwatin awo ya ce ƙit. Ba ya ƙarya, ba ya kunyar manya. Ni kuwa ina kunya.

A ruwan famfo shiru yake yi. A wannan kududdufi ya yi ta ƙit-ƙit-ƙit har na toshe akwatin da mayafina.

Baba Dalyop, mai lambun da ke shan ruwan, yana tsaye a kaina. Ya tambaye ni abin da kukan yake nufi, na ce masa tukuna. Ya ce shekara ashirin yana ban ruwa da shi, da latas ɗin nan ya sa 'ya'ya biyar makaranta. Na je wanke kwalba. Da na dawo, na tarar ya goge bakin zaren tas da gefen rigarsa, jan rufin ya tafi.

"Datti na gani a jiki, 'yata," in ji shi.

Bai dube ni ba. Har yau ban san ko taimako ya yi ba.

Marigayin ya bar akwatin awo, da fitila, da lamba guda a littafina. Dakta Idowu, mai duba aikina, ya ce awo ɗaya ba hujja ba ne, sai uku, kuma sabon zare sai bayan wata huɗu. Ya kuma bar masu sayen ganyen lambun nan a kasuwar Laranto, cikinsu har da mahaifiyata, wadda ban gaya wa komai ba.

Za a binne shi ranar Asabar da ƙarfe goma, cikin kwalin ashana, a bayan ɗakin gwaji. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da abinci.

Baba Dalyop ya riga kowa zuwa. Jiya ya ajiye kwandon latas a zaurenmu, ya tsaya har mahaifiyata ta ɗauka tana godiya, sannan ya juya ya tafi.