Duriyan na Ƙarshe daga Gonar Atuk

"…Lafiya lau, Atuk, ya hanya? Kai, tsaya daga nan! Mene ne ke wari haka kamar an buɗe masai?"

"Ke ce dai ba ki yi wanka ba, Izzati. Ni da alwalata na sauko."

A tashar mota ta Kuala Lumpur na tarbi kakana, Tok Leman, wanda nake kira Atuk. Ya zo daga Raub yini ɗaya, wai ganin birni. Gaskiyar ita ce an sayar da gonarsa, wata mai zuwa zai tare a gidanmu, shi ne babana ya ce in zaga da shi ya fara sabawa. Ba jaka a hannunsa, sai ƙullin buhu da ya rungume a ƙirji kamar jariri. Warin kaɗai ya gaya mini abin da ke ciki: duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya.

"Duriyan ka ɗauko? Zuwa nan?"

"Na ubanki ne, ba naki ba, mai hancin 'yan birni. Daga bishiyar da kakarki ta shuka ranar sunansa. Jiya ya faɗo da kansa. Shi ne na ƙarshe, masu gonar sare tsofaffin za su yi."

"Ai ba a shiga da shi benenmu. Maƙwabta sai su kira 'yan kwana-kwana."

"To ya fito ya ci a titi. Da can a gindin bishiya yake ci, da majina har baki."

Na kira Baba, ya ce yana ofis, zai same mu da azahar.

A ƙofar jirgin ƙasa mai gadi ya nuna mana allo: hoton duriyan, an ja masa jan layi.

"Ga hotonka can, Atuk. Ƙaya a waje, wari a ciki."

"Ni dai an san ni a birni. Ke da digirinki ko a bangon banɗaki ba a liƙa ki ba."

Mai tasi ma da ya shaƙa sai ya ɗaga gilashi ya wuce. Haka muka taka da ƙafa, sama ta yi duhu, har gaban tagwayen dogayen benayen nan da kowa ke ɗaukar hoto. Atuk ya ɗaga kai sai da hularsa ta zame.

"Wa ya kafa goyon masara biyu a nan? Ba inuwa, ba 'ya'ya. Me ake tsinka a kai?"

"Hoto. Gyara tsayuwa in ɗauke ka."

"Ɗauki duriyan ɗin. Ya fi ki kyau, kuma shi yana da masu nema."

Azahar ta wuce, Baba ya ce la'asar. Muka zauna a wata rumfa muka ci nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da ruwan kwakwa, mai abincin ta sa muka ajiye buhun can bakin kwata. Atuk yana ci yana waiwayensa.

"Wannan shinkafar ba ta taɓa ganin kwakwa ba. Labarinta kawai aka ba ta."

"Da waɗanne haƙoran kake alƙalanci? Ragowar ukun nan?"

"Sun fi ki aiki. Su ba sa zaman jiran a kira su."

Ruwa ya sauko bayan la'asar. Muka fake a rumfar bakin kogi kusa da tsohon masallaci. Motar Raub ta ƙarshe kafin magariba take tashi, duriyan kuwa ya riga ya tsage ta ƙasa, ba zai kai gobe ba. Wayata ta yi ƙara. Saƙon Baba ne, ba zai samu zuwa ba. Na karanta, na kife ta a cinya.

"Me ya ce?"

"Ya ce tun daga ofis yake jin warinka, ya suma."

"Tun kina rarrafe in za ki yi ƙarya kunnenki ke ja."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya kwance buhun, ya sa manyan yatsunsa a tsagar ya buɗe.

"To, kira mini karnukan birni."

"Ko kare sai ya kai ka ƙara."

Rabona da duriyan tun ina firamare, ranar da na amayar da shi a zanen kakata. Na miƙa hannu na ɗauki ɓare guda.

"Yaya?"

"Kamar an dama albasa da madara a cikin takalminka."

"Amma ga hannunki ya dawo."

"Tausayin mutanen gari nake ji. In ban cinye ba kowa zai mutu."

"Idon fa, me ya same shi?"

"Warin ne."

"Warin ne," in ji shi, ya goge nasa da gefen hula. "Bana yana da ƙarfi."

Ya tari ruwan sama a ɓawon, muka wanke hannu yadda ake yi a gona. Sai ya zaɓi ƙwallo mafi girma, ya share shi a rigarsa, ya danƙa mini.

"Ungo. Kin ci ni yau, mai hancin birni. Ki shuka."

"A ina, Atuk? A saman bene? Sai dai a tukunya bakin taga, kuma ba zai yi 'ya'ya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ki sa shi kusa da gadona. Mu biyu a tukunya, ki riƙa ba mu ruwa."