Rigar Nutson Ndella

Kai jama'a, ku fito! Mai daka ajiye taɓaryar nan, mai wankin kifi ɗauraye hannu ki matso! Ndella ce, ƙanwata Ndella! A'a, ba zan faɗi ƙarshen ba tukuna, sai kun ji yadda aka yi, don wallahi a bakin kwanon shinkafa abin ya faro.

Kun dai san yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta da aiki sai ruwa. To bana sai ta ji Madam Kodu za ta ɗauki mutum ɗaya aiki. Madam Kodu ita ce shugabar masu nutson nan da ke goya tukunyar iska, su sauka ƙasan teku suna ciro tsofaffin ragogin da suka maƙale suna kashe kifi a banza. Ndella ta je ta koya, komai ya zauna mata a kai. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, rigar nutso, wannan ta roba mai kama jiki.

Allah ya yi wa Ndella jiki. Ƙirji a cike, ƙugu siriri, ƙasa kuwa tubarkalla. Rigunan da ke rataye a wurin Madam duk yankan maza ne, miƙaƙƙu kamar bututu. Ta sa babba, ta shige mazaunai lafiya lau, amma wuya da gadon baya suka yi sako-sako. Ga shi lokacin sanyin ruwa ne. Ruwa ya dinga shiga ta wuya yana fita ta ƙafa, har aka tsamo ta haƙora na kaɗawa, leɓe ya yi toka-toka. Madam ta ce Asabar ce gwajin ƙarshe, Ndella ta zaɓi duk wadda take so cikin tsofaffin rigunan, ta bar mata. Ndella ta ɗauko ƙarama, ta rataye a bayan ƙofa. Daga ranar ta daina cin abinci.

Ana cikin haka, rana tsaka, sai ga murya tun daga bakin ƙofar gida.

"Salamu alaikum, mutanen gida! Ina baiwata? Ina uwar shinkafa, wadda in ta yi hamma farashin buhu ke tashi a garinmu Ngor?"

Libas ke nan, ɗan kawunmu, taubashinta. Shi ma mai nutso ne, amma na harbin kifi. Dogo ne siriri, kuma ba shi da abin ƙauna a duniya kamar rigar nutsonsa. Amarya yake kiranta. Da ruwan famfo yake ɗauraye ta, a inuwa yake shanya ta, ko kaza ba ta isa ta gifta ta ƙarƙashinta ba.

Ndella ta ce, "Wa alaikumus salam, bawan gidanmu. Hancinka ya jiyo an sauke tukunya ke nan."

"Gaisuwa na zo yi."

"Da cokali a aljihu?"

"Na kare kai ne. Duk wanda zai zauna kwano ɗaya da ke ai dole ya zo da makami."

Aka ajiye babban kwano a tabarma. Jar shinkafa da kifi, ga rogo, ga kabeji, ga tsamiya a gefe, ƙamshi har gidan maƙwabta. Kowa ya sa hannu. Ndella ta tsinci ɗan ganyen kabeji tana juya shi.

Libas ya tsaya da cokali a sama. "Me idona ke gani? Kabeji?"

"Na ƙoshi."

"Kin me?"

"Na ce na ƙoshi."

"Innalillahi! A kira liman! A gaya wa masu kwale-kwale kar kowa ya fita yau, teku za ta ƙafe. Ndella ta ƙoshi!"

"Ka ci naka, tsinken tsire. Ko ka cinye kwanon nan har da tabarma ba za a gani a jikinka ba."

Ta faɗa dai, amma muryar ba ƙarfi. Libas ya kalle ta. Ya kankaro ƙanzo, wannan mai ƙaras-ƙaras da suke dambe a kansa tun suna yara, ya tura gabanta. Ta turo masa abinsa.

Nan dariyarsa ta ɗauke.

Ndella ta miƙe za ta shige ɗaki, jiri ya kwashe ta, ta dafa ƙofa, rigar da ke baya ta faɗo tim. Libas ya ɗauka ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wannan safar wa ce?"

"Rigata ce."

"Taki, ko ta ƙafarki ɗaya?"

"Kafin Asabar zan shige ta."

"Da yunwa?"

"Ina ruwan bawa da cikin uwargijiyarsa?"

"To je ki sa in gani. In ta yi miki, na yarda ni ne bawan har abada."

Jin haka ta fizge rigar ta shige ɗaki, na bi ta. Aka sa leda a ƙafa don ta zame, aka shafa ruwan sabulu, ana ja ana nishi kamar ana turo kwale-kwale kan yashi. Zif ya zo tsakiyar baya ya ce bai san zancen ba. Sai da ta tsuke numfashi aka samu ya hau. Ta ɗaura zane a sama ta fito tana tafiya kamar an haɗiyar da ita sanda.

Libas ya ce, "Ɗaga hannu."

Hannun ya tsaya a kafaɗa.

"Tsuguna."

Ta ɗan rusuna, roba ta yi ƙara.

"Ja numfashi, ki cika ƙirji. Yawwa. Yanzu zage ni."

"Kai... ba... wan..."

"Kin gani? Ko zagina ba kya iya ƙarasawa. Rigar da ta hana ki zagin ubangidanki a tudu, me za ta yi miki a ƙasan ruwa, da tukunya a bayanki?"

"In na ƙara ramewa..."

"Ki rame ina? Wannan ƙashin ƙugun na gwaggona ne, ita ma wurin kakarmu ta gado. Yunwa ba ta san hanyarsa ba. Ƙarfinki kawai za ta kwashe, ki sauka ki kasa hawowa. Kuma ni fa, kin yi tunanina? Tun ina yaye da shinkafarki nake tsokanarki. In kika daina ci, da me zan dinga shigowa gidan nan? Sana'ata za ki kashe?"

Ndella ta so ta yi dariya, rigar ta hana. Sai idonta ya kawo ruwa.

"To ya zan yi, Libas? Babba ruwa ke shiga, ƙarama numfashi ba ya shiga. Wadda aka yanka don mata irina sai an aiko daga ƙetare. Kafin ta iso Asabar ta wuce, an ɗauki wani."

Tunda take ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba, babu bawa babu tsinke. Shi ma sai ya rasa inda zai sa idonsa, ya koma kallon kaji.

Can ya ce, "Cire ta ki zo ki ci abinci."

"Ba ka ji abin da..."

"Na ji. Ki ci ki ƙoshi, irin ƙoshinki na gaske, sannan a auna ki. In aka auna ki da yunwa, ranar da kika ƙoshi rigar za ta yi miki tawaye."

Jama'a, in kun ga cin da yarinyar nan ta yi! Libas na gefe yana ihu kamar mai ba da labarin kokawa.

"Ga ta nan ta kama kifi ta wuya! Rogo ya nemi gudu, ta taɗe shi! Kabeji ya ce shi dai ba ruwansa!"

"Rufe baki ka miƙo tsamiya."

Da ta gama ya ciro zaren kamun kifi daga aljihu ya ba ni, ya ce a zagaya ƙirji, da ƙugu, da mazaunai, da cinya, kowanne a yi masa ƙulli. Muna ɗaki muna awo yana tsakar gida yana ɗaga murya.

"In zaren ya ƙare akwai igiyar anga a kwale-kwale!"

"In ya yi saura ka ɗaure wandonka da shi, kullum zamewa yake!"

Ya naɗe zaren, ya saɓa ƙaramar rigar a kafaɗa, ya fita yana sakace.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga shi. Rigar ce dai, amma an farke ta gefe da gefe, tun daga hammata har gwiwa, an shigar da wata baƙar roba mai laushi. A ƙirji ta buɗe, a ƙugu ta tsuke, a mazaunai ta sake buɗewa, an manne da gam an bi da ɗinki ƙanana-ƙanana. Yatsunsa duk gam.

Ndella ta sa. Zif ya hau suuu, ba gardama. Wuya ya kama, wuyan hannu ya kama, idon sawu ya kama. Na shafa gadon bayanta, ba wani rami da ruwa zai kwanta. Ta fito ta ɗaga hannu har sama, ta tsuguna, ta miƙe.

Libas ya ce, "Ja numfashi. Yanzu zage ni."

"Kai bawan banza, mai wuyan zalɓe, mai cin gidan mutane ba gayyata, wanda in iska ta taso sai an sa masa dutse a aljihu, wanda kifi ke gani a ƙasan ruwa ya zaci ciyawa ce!"

Libas ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi. Riga ta yi."

"Ina ka samo robar nan?"

"Baiwa ba ta tambayar ubangidanta inda ya samo kaya."

Asabar da safe muka raka ta bakin ruwa. Iska na kaɗawa, sanyi har cikin ƙashi. Madam Kodu da mutanenta na loda tukwanen iska a kwale-kwale. Sai ga Libas can gefe, da bindigar kifinsa, zai shiga nasa nutson. Amarya ce a jikinsa, amma hannayenta babu, ƙafafunta kuma an datse su sama da gwiwa. Ga ƙwaurinsa a waje, tsikar jiki duk ta tashi.

Ndella ta tsaya cak. Ta shafa gefen rigarta, ta kalle shi.

"Libas. Ina hannayen Amarya? Ina ƙafafunta?"

"Sabon yayi ne. Ke ba ki waye ba."

"A wannan sanyin?"

"Ƙafafuna ne ke son shan iska. Kuma 'yan matan Ngor sun daɗe suna roƙon su gan su."

"Waɗannan sandunan rake?"

"Kar ki yi min kuka a nan, ruwan gishirin da muke da shi ya isa. Tafi. Amma in kika faɗi gwajin nan, ki dawo min da hannayena da ƙafafuna."

Ta shiga kwale-kwale tana share ido da bayan hannu.

Sun daɗe. Da suka dawo ta diro da ƙafarta, leɓenta jawur, ba rawar sanyi ko ɗaya. Ta ce ruwa ya ɗan shiga da farko, ya ɗumama a jikinta, ya zauna abinsa, har ta manta da riga ta kama yankan raga. Amma ba ita kaɗai aka gwada ba, akwai maza biyu. Madam ba ta ce komai ba sai, "Zan kira."

Muna zuwa gida Ndella ta ɗora tukunya da kanta. Ta ajiye wayarta a kan turmi, tana juya shinkafa tana leƙenta. Ba a jima ba sai ga Libas ya shigo yana atishawa, hanci na zuba.

"Ina baiwa... atishoo!"

"Zauna."

Ta kankare ƙanzon tukunyar kaf, ta tara a faranti, ta ɗora kan kifi a sama, ta durƙusa har ƙasa ta ajiye a gabansa.

Libas ya ja baya. "Me kika sa a ciki?"

"Ci. Yau ɗaya dai, kai ne ubangida."

"Jama'a ku shaida! Maƙwabta ku leƙo! Ndella ta sallama ƙanzo, ta sallama sarauta!"

"Zuwa la'asar kawai."

"Ko zuwa ƙiftawar ido ne na karɓa." Ya cika baki yana dariya yana tari.

Sai waya ta yi ƙara.

Hannun Ndella duk mai, ta rasa inda za ta goge. Libas ya miƙa dogon hannunsa ya danna, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Ndella? Kodu ce. Litinin da safe ki zo da rigarki, ke na ɗauka."

Na ƙwala guɗa, Innarmu ta saki ludayi, Ndella ta toshe baki da hannun man nan.

Madam ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Wa ya gyara miki rigar nan? Ina da mata biyu masu son koyon nutso, riga ce kawai ta hana su."

Libas ya yi sauri zai haɗiye ƙanzo ya yi magana, Ndella ta riga shi.

"Wani bawana ne, Madam. Zan turo miki shi. Amma ki tanadar masa roba, don tasa rigar saura wuya da cibiya."